Annobar tafkin Qinghai ta 2005 da sauye-sauyen ƙwayoyin gado da suka ƙara wa murar tsuntsaye kaifi

A ranar 30 ga Afrilun 2005 aka fara ganin dinya suna mutuwa a wani tsibiri na tafkin Qinghai, a yammacin ƙasar Sin. Tafkin shi ne mafi girma a ƙasar, ruwansa na gishiri ne, yana kuma bisa tudun Tibet a tsayin kusan mita 3,200, inda ƙanƙara ke rufe shi tsawon hunturu, sai ta narke sannan dubban tsuntsaye masu ƙaura su sauka su yi sheƙa. Dinyar da cutar ta fara kamawa ita ce mai baƙin zane biyu a ƙeya, wadda aka sani da tsallake duwatsun Himalaya tsakanin wuraren da take cin hunturu da wuraren da take ƙyanƙyasa. Waɗanda aka iske da sauran numfashi suna tangaɗi, jikinsu na karkarwa, wuyansu ya murɗe zuwa baya, wasu sun kasa miƙewa, wasu kuma na zawo. Zuwa 4 ga Mayu ana rasa fiye da ɗari a kullum, zuwa 20 ga wata kuwa cutar ta tsallaka wasu tsibiran kuma gawarwakin sun kai kimanin 1,500. Kafin ta lafa a ƙarshen Yuni, tsuntsaye sama da 6,000 sun mutu, fiye da rabinsu dinya, sauran kuma tsuntsaye masu cin kifi ne iri-iri da wata jar agwagwar daji. Gwaji ya tabbatar da cewa murar tsuntsaye ce nau'in H5N1.

Abin da ya girgiza masana a lokacin shi ne cewa tsuntsayen da suka mutu na daji ne, kuma na ruwa. An daɗe da sanin cewa agwagin daji da dinya da danginsu su ne gidan asali na ƙwayoyin cutar mura, suna ɗauke da kusan dukkan nau'o'insu, wato H guda 16 da N guda 9 (haruffan da ke nuna furotin biyu na bayan ƙwayar, HA da NA, waɗanda da su ake sa wa nau'i suna), kuma a mafi yawan lokuta ƙwayar tana zama a hanjinsu ta hayayyafa ta fita ta kashi ba tare da tsuntsun ya nuna alamar ciwo ba. Mutuwar ɗimbin tsuntsayen daji saboda mura sau ɗaya tak aka rubuta ta kafin zuwan H5N1, a gaɓar tekun Afirka ta Kudu a 1961, lokacin da wasu tsuntsayen teku kusan 1,300 suka hallaka. Saboda haka tambayar da ɗakunan gwaje-gwaje suka sa a gaba ita ce abin da ya sauya a jikin ƙwayar har ta juya wa masu masaukinta baya.

Ƙwayar cutar mura tana ɗauke da bayanan gadonta ne a guntaye takwas, jimillarsu haruffa kusan 13,500. Na'urar da ke kwafar waɗannan bayanai a duk lokacin da ƙwayar za ta hayayyafa tana aiki ne irin na mai kwafar littafi da hannu wanda ba ya waiwayar abin da ya rubuta, don haka kurakurai na shiga kullum, mafi yawansu marasa amfani ko masu lahani ga ƙwayar kanta, ƙalilan kuma su ba ta fifiko. Akwai hanya ta biyu wadda ta fi wannan sauri: idan ƙwayoyi biyu daban suka haɗu a cikin tantanin jiki guda, sai su yi musayar guntaye, a samu sabuwar ƙwaya mai wasu guntayen daga wannan, wasu daga waccan. Duka hanyoyin biyu sun yi aiki a lamarin Qinghai.

Sauyi mafi muhimmanci game da kisa yana kan furotin ɗin HA, wanda ke bayan ƙwayar kuma da shi take manne wa tantani ta kutsa ciki. Wannan furotin ba ya aiki sai an datse shi gida biyu a wata gaɓa ta musamman, kuma jikin tsuntsun ne ke samar da sinadarin da ke yin datsewar. A ƙwayoyin da ba su da kaifi, gaɓar tana da amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) guda ɗaya ne kawai na irin da ake buƙata, wato arjinin, saboda haka sinadarai dangin tiripsin ne kaɗai ke iya datse ta, su kuwa a hanji da hanyoyin numfashi suke. Cutar sai ta tsaya a nan, tsuntsu ya ɗan yi laushi ko ma bai yi ba. Amma idan kuskuren kwafa ya cusa jerin arjinin da laisin da dama a wannan gaɓa, sai wani sinadari mai suna furin ya samu ikon datse ta, shi kuwa furin yana kusan ko'ina a jiki. Daga nan ƙwayar ta samu hanyar shiga ƙwaƙwalwa da zuciya da hanta da bangon jijiyoyin jini. Tangaɗi da murɗewar wuya da aka gani a dinyar Qinghai alamun ƙwaƙwalwar da cuta ta kama ne, kuma binciken ƙwayoyin da aka ciro daga gawarwakinsu ya nuna wannan dogon jeri a gaɓar datsewa.

Sai dai wannan sauyi ba a tafkin ya faru ba, kuma ba a daji ya faru ba. Abin da tarihi ya nuna shi ne nau'in H5 da H7 suna samun wannan jeri ne galibi bayan sun shiga garken kaji ko talo-talo sun yi ta zagayawa a cikin cunkoso. Zuri'ar da ta kai Qinghai an fara gano ta ne a dinyar gida a lardin Guangdong a 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, shida suka rasu, hukuma ta karkashe kaji da agwagi sama da miliyan guda. A ƙarshen 2002 ta kashe agwagi da dinya da wasu tsuntsayen ruwa a wuraren shaƙatawa biyu na birnin, kuma wannan ne gargaɗin farko cewa ƙwayar ta fara iya kashe tsuntsayen ruwa, waɗanda a da take ratsa su ba tare da illa ba. Wato shekara tara zuri'ar ta yi tana yawo a gonaki da kasuwannin kaji masu rai na kudancin Sin da maƙwabta kafin ta bayyana a kan tudun Tibet.

Tana kuma ɗauke da tambarin wannan zama. A furotin na biyu na bayan ƙwayar, wato NA, wanda ke yanke sababbin ƙwayoyi daga jikin tantani domin su fita su yaɗu, an samu amino asid 20 sun ɓace daga tsaninsa. Gajeren tsani irin wannan sananniyar alama ce ta ƙwayar da ta saba da kaji, domin ya sha bayyana a duk inda murar tsuntsayen ruwa ta daɗe a cikin tsuntsayen tudu. A furotin ɗin NS1, mai daƙile garkuwar farko ta jiki, an samu guda biyar sun ɓace. A ganina wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai nazarin lamarin ya riƙe, domin labaran da suka bazu a lokacin sun fi nuna tsuntsayen daji a matsayin masu kawo annoba, alhali ƙwayoyin gadon cutar sun nuna cewa daga hannun mutum ta fito ta koma musu.

Ƙungiyoyin masana uku ne suka fi yin aiki a kan samfuran. Ta farko ta Guan Yi ce a Jami'ar Hong Kong, wadda ta buga sakamakonta a mujallar Nature a Yulin 2005, ta biyu ta George Gao ce a Beijing, a mujallar Science cikin wannan shekarar, ta uku kuma ta Chen Hualan ce a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Harbin, wadda rahotonta ya fito a 2006. Ƙungiyar Beijing ta sa wa kaji takwas ƙwayar, dukansu suka mutu kafin kwana ya zagayo, ɓeraye takwas kuma suka ƙare cikin kwana huɗu. Mutuwar kajin ba ta ba kowa mamaki ba. Ta ɓerayen ce ta jawo hankali zuwa wani wuri guda a furotin ɗin PB2, ɗaya daga cikin ukun da suka haɗu suka zama na'urar kwafa.

A gurbi na 627 na wannan furotin, ƙwayoyin murar tsuntsaye kusan dukansu suna da gulutamik asid, wanda ake wa alama da harafin E, na mutane kuwa suna da laisin, mai harafin K. Tun 1993 aka gano cewa wannan gurbi ne ke yanke hukuncin ko ƙwayar tsuntsu za ta iya hayayyafa a tantanin dabba mai shayarwa, a 2001 kuma ɗakin gwajin Yoshihiro Kawaoka a Amurka ya nuna cewa shi ne ya bambanta ƙwayoyin Hong Kong masu kashe ɓera da marasa kashewa. Akwai batun zafi a ciki: hanjin tsuntsu yana kusan digiri 41, saman hanyar numfashin mutum kuwa kusan 33, kuma na'urar da ke da K tana aiki sosai a wannan sanyin. Cikakken dalilin sai a 2016 ya fito daga ɗakin gwajin Wendy Barclay a Landan. Na'urar kwafa tana buƙatar taimakon wani furotin na mai masauki da ake kira ANP32A, kuma na yawancin tsuntsaye ya fi na dabbobi masu shayarwa tsawo da amino asid 33. Na'ura mai E da dogon take aiki, sauyawa zuwa K ne ke ba ta damar amfani da gajeren. Jimina tana cikin tsuntsayen da nasu gajere ne, shi ya sa ake yawan ganin wannan sauyi a ƙwayoyin da suka ratsa ta jikinta.

Ganin K a gurbi na 627 a jikin tsuntsayen daji, kuma yana yaɗuwa daga tsuntsu zuwa tsuntsu bai koma E ba, ya tayar da hankalin hukumomin lafiya, kuma suna da hujja. Amma a hankali sai zance ya karkace, aka riƙa bayyana E627K, wato sauyin E zuwa K a gurbi na 627, kamar shi ne ya kashe dinyar, kuma wannan fahimta ba ta dace da abin da aka samu ba. Ƙungiyar Harbin ta karanta ƙwayoyi 15 daga nau'in tsuntsaye shida, waɗanda aka tara a lokuta daban-daban na annobar, ta iske sun kasu gida huɗu ta fuskar haɗin guntayensu. Mafi yawansu suna da K, amma ƙwayoyi biyu na farkon annobar ba su da shi, ga shi kuwa daga dinyar da ta riga ta mutu aka ciro su. Ma'ana kisa ya fara ne tun sauyin da ya yi suna bai mamaye ba. Haka kuma da aka gwada biyu daga cikin ƙwayoyin Qinghai a jikin birai, zazzaɓi na ɗan lokaci kawai suka yi, yayin da wata ƙwayar H5N1 ta agwagwa da ba ta da alaƙa da tafkin ta bazu a gaɓoɓinsu ta sa su ciwon numfashi. Sauyin da ya ƙara wa ƙwayar ƙarfi a ɓera bai ba ta irin wannan ƙarfi a biri ba, kuma furotin ɗinta na HA ya ci gaba da fifita irin maƙalin da ke tantanin tsuntsu a kan wanda ke saman hanyar numfashin mutum.

Game da kashe tsuntsayen ruwa, shaidar ta fi karkata ga wasu wurare. Masu bincike a asibitin St. Jude da ke Memphis a Amurka sun ware ƙwayoyin H5N1 biyu masu kusanci sosai, ɗaya mai kashe agwagwa ɗaya mara kashewa, duk da cewa dukansu suna da dogon jerin gaɓar datsewa, suka iske bambancin yana cikin sauran sassan na'urar kwafa, wato PA da PB1. An kuma sha cusa dogon jerin a cikin ƙwayoyi marasa kaifi a ɗakin gwaji ba su zama masu kisa ba. Jerin gaɓar datsewa sharaɗi ne da ba makawa, amma ana buƙatar sauran guntayen su dace da shi, kuma dacewar da ke kashe kaza ba lallai ta kashe agwagwa ba.

Rabin lissafin ma yana jikin tsuntsun ne. A Rotterdam ta ƙasar Holland an sa wa nau'in agwagin daji shida wata ƙwaya ta zuri'ar Qinghai, sai masu nutso suka kamu da ciwo mai tsanani har wasu suka mutu, yayin da agwagwar nan mai koren kai, wadda ita ce kakar yawancin agwagin gida na Turai da Asiya, ta riƙa fitar da ƙwayar da yawa ba tare da ta nuna ko alamar kasala ba. Misali mafi kusa da mu ya fito daga fadamar Haɗeja da Nguru, inda a 2007 aka samu ƙwayar H5N2 mai ɗauke da jerin gaɓar datsewa irin na masu kisa a jikin kirinjijiya da dinya masu ƙoshin lafiya. An ɗaura wa kirinjijiyar na'urar bibiya ta tauraron ɗan'adam, ta rayu fiye da wata guda ana bin sawunta, ta kuma yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Tsuntsu irin wannan shi ne ke da haɗari wajen yaɗa cuta, domin wanda ya mutu a tsibiri tafiyarsa ta ƙare a nan. Cunkoson wurin ƙyanƙyasa ma yana da nasa kaso, domin a Qinghai dinya suna kwanciya a kan ƙwai kusa da kusa, suna shan ruwan da suke kashi a ciki, bayan doguwar tafiya da ta rage musu ƙarfi.

Daga cikin gidaje huɗun da aka samu a tafkin, ɗaya ne ya fita ya mamaye, kuma mai K ne. Wannan ya ba masu bincike wata alama mai sauƙin bi. A Yulin 2005 cutar ta bayyana a yankin Novosibirsk na Rasha da kuma Kazakistan, a Agusta ta kashe tsuntsayen daji a wani tafki na Mongoliya inda babu gonakin kaji a kusa, a Oktoba ta kai Turkiyya da Romaniya da Kuroshiya. A Janairun 2006 ta kama mutane a gabashin Turkiyya, huɗu suka rasu. A Fabrairu aka tsinci gawarwakin manyan tsuntsayen ruwa a tsibirin Rügen na Jamus, cikin wannan watan kuma ta ɓulla a Indiya da Masar. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta na abinci da lafiyar dabbobi suka sa wa wannan zuri'a lamba 2.2.

Ita ce ta fara shigo da H5N1 nahiyar Afirka. A ranar 8 ga Fabrairun 2006 aka sanar da tabbatar da ita a wata babbar gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, bayan Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom ta tura samfur ɗakin gwaji na Padova a Italiya. Kajin sun yi makonni suna mutuwa kafin sanarwar, dubun-dubatarsu suka salwanta. Cikin watan aka same ta a Kano da Filato, kafin ya ƙare kuma ta bayyana a agwagin gida a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. A Janairun 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Nazarin ƙwayoyin gado da aka buga a 2006 ya nuna cewa aƙalla sau uku daban-daban ƙwayar ta shigo Najeriya, kuma dukkan ukun 'ya'yan Qinghai ne. An yi ta muhawara kan ko fuka-fuki ne suka kawo ta ko fataucin kaji da 'yan tsaki. Mutuwar tsuntsayen daji a Mongoliya da Jamus, nesa da gonaki, tana nuna ƙaura na da hannu, yadda kuma cutar ta bi manyan tituna da kasuwanni bayan ta sauka yana nuna aikin mutane, kuma haruffan gado ba sa iya faɗin abin da ya ɗauko ƙwaya, iyakarsu su nuna dangantaka.

Zuri'ar 2.2 ba ta dawwama a daji ba. Cikin 'yan shekaru ta ɓace daga tsuntsaye masu ƙaura, a Najeriya kuma ba a sake ganin ta ba bayan 2008. Inda ta yi kaka-gida shi ne cikin kajin Masar, ƙasar da ta samu mutum 359 da suka kamu da H5N1, 120 suka rasu, kusan dukansu ta hanyar cuɗanya da kaji marasa lafiya. Shekara da shekaru ƙwayar tana ɗauke da K tana shiga jikin mutane a can, amma ba ta koyi wucewa daga mutum zuwa mutum a jere ba.

Wadda ta zo ta yi wa tsuntsayen daji ɓarnar da ta ninka ta Qinghai sau da yawa wata 'yar'uwarta ce, mai lamba 2.3.4.4b, wadda ita ma jikar ƙwayar Guangdong ce. Ita ce ta kashe kwasakwasa kusan 750 a gandun Djoudj na Senegal a Janairun 2021, ta kashe dubban manyan tsuntsaye dangin gauraka a kwarin Hula na Isra'ila a ƙarshen shekarar, ta ƙetare tekun Atalantika zuwa nahiyar Amurka, ta gangara har yankin Antaktika. A jikin tsuntsaye, wannan zuri'a galibi tana riƙe da E a gurbi na 627, tsanin furotin ɗinta na NA kuma cikakke ne, ba gajere irin na kaji ba, yawancin guntayenta na ciki kuma ta samo su ne ta musaya da ƙwayoyin mura marasa kaifi na tsuntsayen daji, waɗanda tun asali suka dace da jikinsu. Sauyin E627K yana bayyana a cikinta ne jefi-jefi bayan ta shiga dabba mai shayarwa, kamar yanyawar Turai da ta ci mushen tsuntsu, ko ma'aikacin gonar shanu da ya kamu a jihar Texas a 2024, wanda ƙwayar da aka samu a jikinsa tana da K alhali ta shanun jihar da aka gwada a lokacin ba ta da shi.